Ƙarfen Baƙin Alhaji Tanko

An buɗe gidan ɗaga ƙarfe a bakin layinmu. Duk sanda na fito cefane sai na ji ƙarfe yana dukan ƙasa, ana ihu, ana zuga wani ya ƙara. Ba na tsayawa kallo, amma raina yakan ɓaci har in manta abin da na fito saya. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda na yi wata bakwai ina jinyar ƙafar mijina ta hagu. Wanda zai ji ya ji, wanda ba zai ji ba kuwa jikinsa ne.

Baban Safiya nake ce masa, Allah ya jiƙansa. Mun koma Fatakwal bayan yaƙin basasa da ƙullin kaya ɗaya, Safiya a bayana. Ɗakin da muka gudu muka bari mun tarar da wasu a ciki, ko sallama ba mu tsaya yi ba. Alhaji Tanko dillalin albasa ne ya ba mu ɗaki a bayan gidansa a Mayil Tu, cikin Diyobu, shi ne kuma ya tsaya wa Baban Safiya ya samu dako a kasuwar Mayil Tiri. Ba zan ɓoye alherin mutum don ina jin haushinsa ba. Ba don shi ba da a tasha za mu kwana. Lokacin kuwa kuɗin man fetur ya fara shigowa, gari ya cika maƙil, albasa ba ta kwana a ƙasa, mota na tashi wata na sauka.

Akwai wani maƙwabcinmu, Oga Tamuno, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, mutumin bakin teku. Shi ya ga Baban Safiya ya ɗauki buhu daga ƙasa ba wanda ya kama masa, ya biyo shi har gida. Yana da sandar ƙarfe da farantan ƙarfe da ya taho da su daga jirgi, ɗakinsa kuma ba fili, sai aka ajiye su a tsakar gidan Alhaji, gindin mangwaro. Abin da yake koya masa dedilif yake ce masa. Ka sunkuya, ka kama sandar da hannu biyu, ka miƙe da ita har cinya, ka ajiye. Shi ke nan. Na yi dariya ranar farko, na ce mutum ya wuni yana dako ana biyansa, ya dawo gida kuma ya yi na banza.

Amma tsohon nan yana da tsari, kuma ba ya wasa da shi. Asabar ce ranar nauyi, a ɗaga mafi nauyi sau ɗaya ko biyu, ba ƙari. Talata a ɗaga rabi. Sauran kwanakin ko taɓa sandar bai yarda a yi ba, domin ya ce dakon kasuwa ma yana cikin lissafi. In an yi mako uku, na huɗu a rage kaya gaba ɗaya, ko da mutum yana jin zai iya ɗaukar gida. Ni ma ya ba ni nawa aikin da gurguwar Hausarsa: wake, kifi, ruwa, sannan in bar mutum ya yi barci. Ya ce ranar ɗagawa jiki lalacewa yake yi, a kwanakin hutu yake gyaruwa ya ƙara ƙarfi. Cikin shekara guda Baban Safiya ya tashi daga faranti huɗu ya kai takwas, ko ciwon kai bai taɓa yi ba.

Abin da ya ja mana shi ne karɓar baƙi. Duk fataken da suka kawo albasa daga Arewa a gidan Alhaji suke sauka. Ya ba su masauki, ya ba su tuwo, ya raba goro. Wata Asabar wasu mutanen Yawuri suka dace da ranar nauyi, suka ga faranti takwas sun tashi daga ƙasa, suka riƙe baki. Alhaji ya ji daɗi har kunne. Mutanenmu sun dawo garin nan kansu a sunkuye, ga shi yau an samu abin da za a nuna. Ni ma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ta taga nake leƙe ina murmushi.

Su mutanen Yawuri suka kai labari Arewa. Mota ta gaba ta mutanen Gashuwa ce, ranar Litinin ta sauka, suna cin tuwo suka ce a nuna musu. Alhaji ya aika a kira Baban Safiya. Ya zo ya ce yau ba ranar nauyi ba ce, amma zai ɗaga musu huɗu. Alhaji ya ja shi gefe ya ce haba, an ɗaga wa na Yawuri takwas, a ɗaga wa waɗannan huɗu? Ai sai su ce an raina su, gobe su kai albasarsu gidan wani dillalin. Daga ranar abin ya zama doka. Ba a ɗaga wa baƙo ƙasa da abin da aka ɗaga wa wanda ya riga shi. Kamar dai naman miya, in ka sa wa wannan tsoka biyu ba ka isa ka sa wa wancan ɗaya ba.

To lokacin albasa ne. Mota uku, wani makon huɗu. Abin da aka ce a yi sau ɗaya a mako, mijina yana yinsa kusan kullum, bayan ya wuni yana sauke buhunan mutanen da za su zauna su kalle shi.

Jikinsa bai ɓoye mana komai ba, mu ne muka ƙi gani. Mutumin da yake tashi da malmala uku ya koma barin rabin ta biyu. Ya daina samun barcin kirki, da safe ya tashi kamar wanda aka yi wa duka. Buta ta fara suɓuce masa a hannu. Ya fara yi wa Safiya tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sandar da a da yake fizgewa lokaci guda ta koma jan ciki a ƙwaurinsa, bayansa yana lanƙwashewa, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Baƙi kuwa sai su ƙara tafi, wai yanzu ne suka ga ana aiki.

Oga Tamuno ya je ya samu Alhaji, ya yi magana har muryarsa ta dushe. Alhaji ya yi dariya ya ce wa mutanen da ke zaune wannan bai san Bahaushe ba ne, mutumin da ya tashi da dako ina ruwansa da hutu. Tsohon ya ce to zai kwashe ƙarfensa. Baban Safiya da kansa ya bi shi yana roƙo, wai in aka kwashe an kunyata Alhaji a idon baƙinsa. Ni ma na yi tawa a ɗaki. Na ce wa Baban Safiya ya ce ba shi da lafiya mana, ai ba ƙarya ba ce.

Ya ce, "Da wane bakin? A ɗakinsa fa muke kwana."

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, ɗagawa ta huɗu a makon, sandar ta kai gwiwa sai na ga fuskarsa ta canza. Bai saki ba. Ya miƙe da ita, ya ajiye, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu yana murmushi. Ya tako a hankali har ɗaki, ya saki labule, sannan ya zube a ƙasa yana cizon tabarma don kada a ji a waje. Wannan mutumin, wallahi, kunyarsa ta fi ciwonsa ƙarfi, kuma har yau ban yafe wa kunyar nan ba.

Makon farko bai iya juyawa ba. Ni nake juya shi, ni nake kawo masa gwangwanin fitsari, in ya yi tari sai hawaye. Na gasa masa baya da ruwan zafi, na shafa man zafi har hannuna ya yi ja. Masu dubiya kuwa kowa da likitancinsa. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce mataccen jini ne, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho har bayan ya zama abin tausayi. Wata tsohuwa ta raɗa mini wai in bincika, arnen nan mai ƙarfe ne ya yi masa asiri don baƙin ciki. Mutumin da shi kaɗai ya buɗe baki ya ce a daina. Shi ne kuma ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya kawo mana, ya ce a kwantar da shi a kan katako, a bar katifa. Na ce wa tsohuwar ta gaida gida.

Mako na biyu ciwon ya sauka daga ƙugu ya bi bayan cinyar hagu har idon sawu. Ya ce kamar ana zura masa waya mai zafi. Alhaji ya sa aka ɗauko wani mai ɗori da ake ji da shi a unguwar Hausawa ta Anaca. Na zaci zai ja shi ya murɗe shi, har na tsaya kusa don in hana. Bawan Allah ya shafa bayan, ya ɗaga ƙafar kaɗan, ya ga yadda ya zabura, sai ya wanke hannunsa. Ya ce ba karaya, ba gocewa, wannan ba aikinsa ba ne, a kai shi asibiti, kuma kada ya ɗauki ko buta. Allah ya saka wa mutumin nan. Aka ce ai bai iya ba ne, an yi asarar kuɗin mota.

Mako na uku shi ne mayaudarin. Ciwo ya lafa. Ya fara zama, ya fara takawa zuwa bayi yana dafa bango, ran Juma'a har ya je masallaci. Kowa ya ce ƙaho ya yi aiki, maganar asibiti ta bi ruwa. Oga Tamuno ya ja masa kunne cewa raguwar ciwo ba warkewa ba ce, ya ba shi wata uku kafin ya kalli sandar, in ma za a koma da sandar zalla za a fara. Ya faɗi haka ya tafi garinsu jana'iza.

Kwana biyu da tafiyarsa babban baƙo ya sauka, ubangidan Alhaji na Kano, wanda ya ba shi jari bayan yaƙi. Wannan karon Alhaji bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo ƙofar ɗakinmu. Ya ce ya riga ya cika baki tun a Kano, sau ɗaya tak, kada a mai da shi maƙaryaci a gaban wanda ya rufa masa asiri. Baban Safiya ya ce ko huɗu. Alhaji ya ce takwas ya faɗa.

Ina tsaye a wurin, kwanon tuwo a hannuna. Na ji abin da mai ɗori ya ce, na ji abin da Oga Tamuno ya ce, ni na kwashe gwangwanin mutumin nan mako biyu. Kalma ɗaya ce, in ce Alhaji ka yi haƙuri ba zai iya ba. An koya mini mace ba ta tsoma baki in manya na magana, na kuwa riƙe tarbiyyata da kyau, na matsa gefe na ba mijina hanya ya wuce. In ina zagin mutanen gidan nan, da kaina nake farawa.

Sandar ko ƙwauri ba ta wuce ba. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya faɗi a kanta. Da aka ɗago shi aka tsayar, ƙafar hagu ta ƙi takawa, tafin yana reto, yatsun suna jan ƙasa. Na tsunkule bayan ƙafar da farce, ya ce bai ji ba. Babban baƙo ya yi salati, ya ce Allah ya sawwaƙe, aka mai da shi falo ya ƙarasa cin abincinsa.

Mako na huɗu a layin asibiti muka yi shi. Garin ya cika da mutane, asibitin bai ƙaru ba. Kwana uku muna zuwa da sassafe, ana shimfiɗe shi a baranda a kan ƙyauren nan, kafin mu ga likita. Ya duba, ya rubuta takarda, ya ce mu tafi Inugu inda akwai likitan ƙashi, kada mu ƙara kwana. Oga Tamuno ya dawo ya tarar da abin da aka yi. Ya kwashe ƙarfensa a amalanke, ya sayar, ya samo mana mota. Shi ya riƙe kan ƙyauren tun daga Fatakwal har Inugu, hanya duk ramuka, kowane rami sai Baban Safiya ya kira sunan Allah.

A Inugu wata mai koko a unguwar Hausawa, Iya Abu, ta ba ni gefen tabarmarta, ta riƙe mini Safiya wata biyu, ba ta san ni ba ba ta san asalina ba. Likitan kuwa wani ɗan siriri ne mai tabarau, da tafinta muke magana. Ya ce akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya, shi ne ya fashe ya fito ya danne jijiyar ƙafa. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa duka, Baban Safiya yana hararata. Likita ya cire tabarau ya ce abin da har yau yake kunnena: "Ciwon farkon, da kwanciya kawai da ya warke. Na biyun ne ya taɓa jijiya."

Sannan ya kama diddigen ya ce ya ɗaga babban yatsa sama. Baban Safiya ya cije, gumi ya keto masa kamar yana gaban faranti takwas. Yatsa ko motsi. Na juya na kalli bango.

Aka yi masa aiki a mako na shida. Na sayar da kwallayena na aure da zannuwa biyu. Alhaji ya aiko da kuɗi da buhun shinkafa, na karɓa, na gode, domin ina bukata, kuma shinkafar ta yi mana rana. Saƙon da ya haɗo da shi shi ne mu yi haƙuri, ƙaddara ce. Ni ma na yarda da ƙaddara. Amma ban ga ƙaddara ta tako ƙofar ɗakina ta ce takwas ta faɗa ba. Akwai wata nas, Inyamura, mai faɗan tsiya, ita ta koya mini yadda zan juya shi gaba ɗaya kamar gungume, da yadda zan riƙa motsa masa ƙafar kada ta ƙage. Tana yi tana zagina da turancin kasuwa wai hannuna ya cika sanyi. Ina mata addu'a har gobe.

Aikin ya ɗauke ciwon, wannan kam alhamdulillahi. Ƙafar ce ba ta dawo ba. Likita ya ce jijiya a hankali take farfaɗowa, mu koma gida, mu dawo bayan wata biyar. In yatsan ya motsa kafin nan, akwai rabon sauran ƙafar ta biyo baya, ya koma aikinsa ko da ba na nauyi ba. In bai motsa ba, sai takalmi mai ƙarfe.

Wata biyar ɗin nan, kowace safiya bayan ya idar da salla a zaune, sai in ɗora ƙafar a cinyata in murza da man ja, in ce to bismilla. Ya yi ta ƙoƙari ina zuba wa yatsan ido har idona ya yi ruwa. Sau biyu na rantse na ga ya motsa, ashe hannuna ne yake rawa. Na fara tuyar ƙosai a bakin titi don mu ci. Shi kuma ya koyi tafiya da sanda, yana ɗaga gwiwa sama don kada yatsun su tuntsure shi. Masu tafin nan, masu cewa a ƙara faranti, ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Suna sauka a gidan, suna cin tuwo, suna wuce ƙofarmu.

Ku masu ɗaga ƙarfe, ga abin da na sani, kuma da tsada na saye shi. Mafi nauyinku ba abin nunawa kullum ba ne. In hannu ya fara saki, abinci ya fita kai, barci ya ƙi, nauyin jiya ya zama dutse yau, to ku ajiye ku huta, ba ragwantaka ba ce. In kun ji ciwo ya lafa, kada ku gwada shi don ku gani. Wanda kuma yake zuga ku, ku dube shi da kyau, ba shi zai kwashe muku gwangwani ba.

Da wata biyar ta cika muka koma Inugu. Likita ya kama diddigen, ya ce ya ɗaga. Muka jira. Ya sake cewa ya ɗaga. Sannan ya ajiye ƙafar a hankali, ya rubuta takardar takalmi, ya ce wa tafinta ya gaya mana dako ya ƙare, iyakar abin da za a samu ke nan. Baban Safiya ya ce alhamdulillahi. Shekararsa talatin da huɗu.

A tasha muna jiran mota ta cika, ya zuba wa ƙafar ido. Na zaci tunanin abin da za mu ci yake yi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"In mun koma Alhaji zai tambaya. Ki ce masa likita ya ce tsohon ciwo ne na dako, ko ba ƙarfe da ma zai fito. Kada ya ji ba daɗi."

Na ce ba zan faɗa ba. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai na maimaita masa maganar likita a gaban baƙinsa. Na yi ta faɗa har mutane suka fara juyowa. Ya bari na gama, sannan ya ce bai taɓa roƙona komai ba tun da aka kawo ni gidansa, wannan kaɗai yake roƙo. Ga takardar takalmi a hannunsa, ga ƙafar a miƙe a ƙasa yatsun sun kife.

Mun isa da la'asar. Alhaji yana zaune a gindin mangwaro da wasu fatake. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi abin da likita ya ce, na faɗa masa yadda aka ce in faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya juya wajen baƙinsa fuskarsa a sake.

"Kun ji ko? Da ma na faɗa, ba ƙarfen ba ne."

Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Na sa hannu biyu na karɓa.